Yadda Ake Dawo da Motar Daji Bakin Aiki Bayan Doguwar Ajiya

Motar daji, wato mai ja da tayoyi huɗu, da ta shekara guda ko fiye tana tsaye a gona, ko a bayan gida, ko a harabar wata ma'aikata, ba ta zama yadda aka bar ta, ko da kuwa lafiyarta ƙalau ranar da aka kashe ta. Baƙin mai ya tsiyaye daga saman injin ya taru a ƙasa, danshi ya shiga tanki da man birki, robobi sun bushe, ɓeraye da zanzaro kuma sun sami masauki. Sai dai yawancin ɓarnar da ake ɗora wa ajiya ba ajiyar ce ke yin ta ba. A mintin farko na tashi ake yin ta, lokacin da aka aro batir aka ɗaura, aka murɗa makulli, aka take totur don a ji ko motar tana nan da ranta. Saboda haka a wannan jagora makulli yana zuwa ne kusa da ƙarshe, bayan an bi duk abin da zai iya lalacewa idan injin ya juya.

Misalin da za a bi shi ne Toyota Land Cruiser 79, a-kori-kurar da manoma, 'yan kwangila, ma'aikatan lafiya da direbobin hanyar Agadas suka sani sosai. Jerin Land Cruiser 70 ya fara fitowa a 1984, ita kuma 79 ta zo a 1999. Mafi yawan waɗanda ke yankinmu suna ɗauke da injin dizal mai suna 1HZ, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990, kuma shi ne a cikin bas ɗin Coaster da yawa. Injin ne marar kwamfuta, mai haƙuri, kuma wannan haƙurin ne ke sa mutane su raina shi. Mai Hilux ko Nissan Patrol zai tarar da kusan duk matakan sun shafe shi.

Kafin a taɓa sifana

Aiki na farko dubawa ne kawai, kuma da rana ake yin sa. A zagaya motar da doguwar sanda, a bubbuga tayoyi da ƙarƙashin bodi kafin a sa hannu ko'ina, domin maciji da kunama suna son inuwar motar da ba ta motsi, rina kuma takan yi saƙa a cikin ƙofa da bayan madubi. A share ciyawar da ta fito a ƙarƙashi gaba ɗaya, saboda busasshiyar ciyawa a jikin salansa mai zafi ta isa ta ƙone mota. Bayan an share, a dubi ƙasar wurin da kyau. Tabon baƙin mai, ko na man giya, ko farin tabon ruwan lagireto, kowanne yana nuna daidai inda yoyo yake a samansa, kuma da zarar an gusar da motar wannan shaida ta ɓace.

Idan an buɗe ƙofa aka ga kashin ɓera a kujera ko a cikin akwatin gaba, kada a sa tsintsiya a share shi a bushe. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma ƙurar da shara ke tayarwa tana iya kai shi hanci. A bar ƙofofi a buɗe iska ta shiga na kamar rabin awa, a sa safar hannu da takunkumi, a jiƙa wurin da ruwan bilic, sannan a kwashe da tsumma.

A ƙarƙashin bonet abin nema shi ne aikin haƙori. A bi wayoyi da ido da yatsa, musamman waɗanda suka bi bayan injin da kusa da batir, a ga ko an gwigwiye rigarsu. Waya guda da ta tsiraita tana taɓa ƙarfe ta isa ta tayar da gobara a lokacin da aka ɗaura batir, don haka duk wadda aka samu a gyara ta tukuna, ko a kira mai waya. A buɗe gidan filtar iska, a ciro filtar, a zubar da ƙurar da ke cikin ƙaramin kofin da ke ƙasansa. A nan ne akan tarar da sheƙar ɓera da ɓawon gyaɗa da tsummokara. Idan motar tana da dogon bututun shaƙar iska da ke bin gefen gilashi zuwa sama, a cire hularsa a leƙa, domin tsuntsaye kan yi gida a ciki, ruwan sama kuma kan bi ta nan idan hular ta karkace. A leƙa bakin salansa shi ma.

Ruwayen injin

A zaro sandar awon baƙin mai a dubi abu biyu, yawansa da launinsa. Idan ya haura alamar cika da yawa, wani abu ya shiga cikinsa, ko ruwa ko dizal. Idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne, kuma kada a juya injin sai an gano ta inda ya shiga. Hanya mafi tabbas ita ce a sassauta notin juye mai a hankali ba tare da an cire shi ba, domin ruwa ya fi mai nauyi, shi yake kwanciya a ƙasa, kuma shi zai fara ɗigowa. 'Yan ɗigo kaɗan na iya zama raɓar da ƙarfe ya tara tsakanin zafin rana da sanyin dare. Kofi guda ko fiye kuwa magana ce ta gasket ɗin kan injin, ko ambaliyar da ta taɓa motar a ajiye.

Ko da man ya yi kyau a ido, a juye shi. Wasu kan ce a bari injin ya yi zafi tukuna don man ya fi zuba, kuma a sabis na yau da kullum hakan daidai ne, amma a nan ma'anarsa ita ce a tura tsohon mai mai tsami da danshi cikin dukkan boris ɗin injin. Gara a juye shi da sanyi, a ba shi lokaci mai tsawo ya tsiyaye, a sa sabuwar filta bayan an shafa wa robarta mai, a zuba man injin dizal 15W-40 har ya kai alama. Wannan man na farko ba zai daɗe ba, za a sake juye shi bayan 'yan ɗaruruwan kilomita.

A buɗe murfin lagireto, injin yana sanyi. Ruwa ya kamata ya kasance har wuya. Idan an bar motar da ruwan rijiya ko na famfo zalla, kamar yadda aka saba yi, za a tarar da jan tsatsa, wani lokaci har da laka. A juye, a wanke da ruwa mai tsabta har ya fito fari, sannan a cika da ruwan sanyaya injin na gaske, wanda ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa idan ba a haɗe aka sayo shi ba. Amfaninsa a ƙasar zafi shi ne hana tsatsa da ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa. A matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi tauri kamar itace, da wanda ya yi laushi ya kumbura a bakin kilif, duka a canza su. A kama fanka a girgiza, idan tana wasa gaba da baya boris ɗin famfon ruwa ya tafi. A duba fanbel ta ciki, inda tsagewa ke fara bayyana.

Taimin bel yana buƙatar magana ta daban. A injin 1HZ bel ɗin roba ne mai haƙora ke juya kamshaf, sandar da ke buɗe bawul da rufe su, kuma idan ya tsinke injin yana aiki, fistin zai bugi bawul, gyaran kuma ya koma na sauke kan injin. Ana canza shi ne a kilomita 100,000 ko 150,000 gwargwadon shekarar motar, akwai ma fitilar da ke tunatarwa a dashbod, amma fitilar kilomita take ƙirgawa, ba ta san shekaru ba. Bel ɗin da ya zauna a lanƙwashe wuri guda cikin zafin Sakkwato ko Maiduguri yana tsufa ba tare da motar ta taka ko'ina ba. Murfinsa yana gaban injin, kilif-kilif ne ke riƙe da shi, buɗe shi ba wuya. Idan akwai tsagewa a gindin haƙora, ko mai ya jiƙa shi, ko kuma babu wanda ya san ranar da aka sa shi, a canza shi tare da fulin da ke ɗaure shi kafin a tayar.

Tanki da hanyar mai

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. Dizal ya fi fetur jure ajiya, amma a yanayin zafi wata shida zuwa shekara guda ne iyakar abin da za a amince da shi. Tankin da aka bari rabi yana shaƙar iska mai danshi da dare, danshin ya zama ruwa ya kwanta a ƙasan tanki. A iyakar da ruwa da mai suka haɗu wasu ƙwayoyin halitta suna tsirowa, su zama baƙar yauƙi mai toshe filta. Famfon injekta na 1HZ kuwa, wanda ke tura dizal zuwa silinda, ba shi da wani mai da ke sa masa santsi sai dizal ɗin da ke ratsa shi, saboda haka ruwa a cikin mai yana nufin ƙarfe yana gogar ƙarfe a cikin kayan da ya fi kusan komai tsada a jikin injin.

A ɗebo kaɗan daga ƙasan tanki a zuba a kwalba mai haske, a ajiye ta minti goma a rana. Mai mai kyau garau yake, ana hango yatsa ta bayansa. Idan ya yi duhu, ko ya yi hazo, ko wani layi ya raba shi biyu a ƙasan kwalbar, a juye tankin gaba ɗaya. Idan yauƙi ya fito, babu makawa sai an sauke tankin an wanke, domin juyewa kaɗai ba ta fitar da abin da ya manne a bango, kuma da motar ta fara tsalle a hanyar daji zai saki ya nufi filta. Motoci da yawa na wannan jeri suna da tanki biyu. A duba na biyun ma, domin sau da yawa shi ne aka fi daɗewa ba a taɓa ba.

Bayan an zuba sabon mai, a canza filtar dizal. A ƙasanta akwai abin da ke gano ruwa, mai waya da ƙaramin makunnin juyewa, a kwance shi a hankali a mayar a jikin sabuwar filtar da sabuwar roba. A saman gidan filtar akwai famfon hannu da ake dannawa da tafin hannu. A riƙa danna shi har sai ya yi tauri, alamar mai ya cika filta ya kori iska. Idan an daɗe ana dannawa bai yi tauri ba, iska tana shiga ta wani tiyon da ya tsage tsakanin tanki da filta, ko kuma robar famfon kanta ta bushe. A nemo wurin yanzu, domin motar da ke shan iska takan tashi ta yi minti biyu ta mutu, a yi ta zargin famfon injekta alhali lafiyarsa lau.

Batir, da juya injin ba tare da ya tashi ba

Batirin da ya shekara ba caji yawanci ya gama aiki, domin gishirin da ke taruwa a jikin farantansa idan ya sauka yana daskarewa, caji ba ya narkar da shi. A auna shi da mita. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6, wanda ya nuna 12.0 ya sauka sosai, wanda ya gaza 10.5 kuwa da wuya ya dawo. Idan mai murfi ne, a cika shi da tataccen ruwa kafin a kai caji, kuma cajin a hankali ya fi na gaggawa. Wasu daga cikin motocin nan volt 24 suke amfani da shi, wato batir biyu a jere, kuma a irin wannan tare ake canza su, domin tsoho yana kashe sabo. A kankare kawunan batir da wayar da ke zuwa bodi har ƙarfe ya yi haske. Wajen ɗaurawa a fara da mai alamar tarawa, a ƙare da mai alamar ɗebewa. Idan tartsatsi mai ƙarfi ya tashi alhali komai a kashe yake, a cire nan take a koma neman wayar da ɓera ya ci.

Kafin kik ya taɓa injin, a juya shi da hannu. A sa giya a furi, a ɗora soket da dogon hannu a notin fulin da ke ƙasan gaban injin, a juya ta hannun agogo idan ana fuskantar motar, zagaye biyu cikakku. Injin dizal yana da matsi mai yawa, zai yi tauri ya saki, ya sake tauri ya saki, wannan daidai ne. Abin tsoro shi ne ya tsaya cak a wuri guda. Idan haka ta faru kada a ƙara bututu a hannun soket a hau da ƙarfi, kuma kada a ja motar da wata don a tilasta shi. Ko dai ringi ya kama da tsatsa, ko ruwa ya cika wata silinda, kuma ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A cire hita fulogi guda shida, wato masu ɗumama silinda kafin a tayar da injin, a hankali domin sukan karye a ciki, a zuba ƙaramin cokali na mai a kowane rami, a bar shi ya kwana, a sake gwadawa. Ga motar da ta haura shekara biyu a tsaye, wannan mataki ya cancanci a yi shi ko da injin yana juyawa.

Daga nan sai a kai mai saman injin. A jikin famfon injekta akwai waya guda da ke zuwa wani ƙaramin makunni mai buɗe hanyar dizal idan an kunna makulli. A cire ta a naɗe bakinta don kada ta taɓa ƙarfe. Yanzu injin zai juya amma ba zai tashi ba. A yi kik na daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta minti guda don kik ɗin ya huce, a maimaita har fitilar baƙin mai ta mutu ko allurarsa ta motsa. Idan hita fulogi suna waje, a rufe ramukan da tsumma domin man da aka zuba zai fantsamo, kuma dole ya fita kafin a mayar da su. Idan an yi haka sau huɗu ko biyar fitilar ba ta mutu ba, a dakata a nemi bakanike.

Tashin farko

A mayar da wayar, a tabbata giya tana furi, a sa duwatsu a gaba da bayan taya domin har yanzu ba a san halin birki ba. A fitar da motar fili ko a buɗe garejin sosai. Mutum guda ya tsaya wajen injin yana kallo, abin kashe gobara yana kusa. A murɗa makulli a jira fitilar hita ta mutu, sannan a yi kik ba tare da an taɓa totur ba. Idan ba ta kama ba bayan gwaji uku, a sake danna famfon hannu. Idan har yanzu shiru, a sassauta notin bututun mai a kan nozul biyu ko uku, wato bakunan da ke fesa dizal cikin injin, a yi kik har dizal ya fito ba kumfa, a ɗaure. A nisanta hannu da wurin yayin da injin ke juyawa, domin man yana fita da ƙarfin da zai iya huda fata.

Akwai wata al'ada a gareji da ya kamata a hana ko da bakanike ya nace, wato fesa fetur ko maganin sauro a bakin shaƙar iska don motar ta kama. A injin da ke da hita fulogi abin da aka fesa yana kamawa tun kafin fistin ya kai inda ya kamata, kuma bugun da ake ji a lokacin ringi da fistin ne ke shan sa.

Da ta tashi, ido ya koma kan fitilar baƙin mai. Idan ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙu ba, a kashe. Farin hayaƙi da ɗan rawar jiki a minti na farko ba abin damuwa ba ne, haka ma shuɗin hayaƙi idan an zuba mai a silinda. A bar ta a silo, a leƙa ƙasa a nemi yoyo, a auna batir a ga ko altaneta tana ba da tsakanin volt 13.8 da 14.4, ko ninkin haka a mota mai volt 24. A jira allurar zafi ta hau zuwa wurinta ta tsaya, a taɓa tiyon saman lagireto a ji ya ɗauki zafi, alamar tamostat ya buɗe. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, tare da kumfa a bakin lagireto, alamar gasket ce. A kashe, a bar ta ta huce, a sake auna mai da ruwa.

Birki, kuloci da ƙafafu

Tashin injin yakan sa a ga kamar aiki ya ƙare, alhali abin da ke tsayar da motar ba a duba shi ba tukuna. Man birki yana jan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Man da ya sha ruwa yana tafasa da wuri idan birki ya yi zafi, feda ta tafi ƙasa a kan gangara, kuma yana sa fistin ɗin birki tsatsa. A zuƙe tsohon daga kofin masta, wato babban famfon birki, a zuba sabon DOT 3, a fitar da iska taya bayan taya, ana farawa da wadda ta fi nisa da masta, har man ya fito fari. A jikin shasi ta baya akwai bawul mai daidaita ƙarfin birki gwargwadon nauyin kaya, shi ma yana da bakin fitar da iska, kuma an cika mantawa da shi. Bayan an gama a take feda da ƙarfi a riƙe rabin minti. Idan tana nutsewa a hankali, masta ya gaji ko akwai yoyo.

A ɗaga kowace taya da jak, a sa abin tokare mai ƙarfi, a juya ta da hannu. Wadda ta ƙi juyawa birkinta ya kama, kuma hakan ya fi faruwa a baya idan an ajiye motar da birkin hannu a ɗage. A cire tayar, a bubbuga durom da guduma ta gefe har ya saki, a buɗe a goge tsatsa. A kama tayar sama da ƙasa a girgiza don jin wasan boris. Jan tsatsa a fuskar faifan birki kuwa birki kaɗan zai share shi.

Kuloci ma da mai yake aiki, kuma kofinsa yana gefen na birki, a canza nasa a lokaci guda. Idan feda tana da ƙarfi amma giya ta ƙi shiga injin yana aiki, farantin kuloci ne ya manne da tsatsa. A bar injin ya yi zafi sosai, a kashe, a kai motar fili marar mutane da dabbobi, a sa giya ta biyu, a take kuloci har ƙasa a tayar. Motar za ta zabura gaba, a riƙa taka totur ana saki, kuloci yana take, har ya ɓalle. Sai an tabbatar da birki ake yin wannan.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, a sauke ta idan ta kai goma komai kyan haƙoranta. Tayar da ta zauna a sace a ƙarƙashin nauyin mota ta karye ta ciki ko da ta karɓi iska. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna da rim mai zobe da tiyub a ciki. Zoben da ya yi tsatsa ko bai zauna daidai ba yana iya fizgewa lokacin ba da iska, kuma yana kisa. A kai wa mai faci wanda ya san irinsa, kuma kada kowa ya tsaya a gaban zoben.

A kwance notin cika mai na giyabos, na akwatin okzilari mai kai ƙarfi tayoyin gaba, da na aksil gaba da baya, a sa yatsa, man ya kamata ya kai bakin ramin. Kullum notin cikawa ake fara kwancewa kafin na juyewa, don kada a zubar da mai sannan a tarar da na sama ya ƙi buɗuwa. Man da ya yi fari ya sha ruwa. A saman kowane aksil akwai ƙaramin bakin numfashi, kuma zanzaro yana son toshe shi da laka. Idan ya toshe, iska mai zafi ba ta da mafita sai ta tura mai ta bakin sil, ya jiƙa birki. A bayan tayoyin gaba, a dubi ƙwallon ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Ɗan giris a jikinsa daidai ne, amma baƙin ruwa mai ɗiga yana nufin man aksil ya haɗu da giris, sil ɗin ciki ya mutu. A bi duk kan giris na firofela da sitiyari da famfon giris, a duba ganyen sifirin na baya da robobinsa.

Gwajin hanya

A fara a fili, a hankali, ana gwada birki tun a mita goma na farko. Bugun da ake ji daga tayoyin da suka kwanta gefe guda yakan ɗauke bayan sun yi zafi. Bayan kilomita biyu ko uku a tsaya a kai bayan hannu kusa da kowane rim, wanda ya fi sauran zafi birkinsa yana riƙewa ko boris ɗinsa ya bushe. Sannan a sauka kan ƙasa ko yashi, a juya makullan tayoyin gaba daga FREE zuwa LOCK, a sa okzilari a H4, wato jan taya huɗu mai gudu, a tsaya cak a sa L4 mai ƙarfi a hankali, a yi gaba a yi baya. Kada a yi wannan gwaji a kan kwalta, domin motar ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, firofela za ta ɗaure. Littafin motar yana cewa a yi kusan kilomita 16 duk wata da makullan a LOCK don mai ya zagaya kayan gaba, kuma motar da ta fito daga ajiya ta fi kowace buƙatar haka.

Ga mai irin wannan mota da injin fetur V6, taimin ɗinsa sarƙa ce, amma fetur ya fi saurin lalacewa, kuma famfon mai da ke cikin tanki yakan kama. Mai injin V8 na dizal, wanda ya fito a 2007, kada ya sassauta bututun nozul ko kaɗan, matsin mansa ya ninka na 1HZ sau da yawa. Ƙananan motocin gona irin su Polaris Ranger, Kawasaki Mule da John Deere Gator suna da bel mai faɗi a madadin giya, a buɗe murfinsa a duba tsagewa da sheƙar ɓera, a kuma duba robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf na tayoyi.

Kafin a hau babban titi a duba fitilu, sigina, oda da waifa, a sabunta lasisin mota, takardar cancantar hanya da inshora, waɗanda duk sun ƙare a ajiye. A makon farko kada a loda mata cikakken kaya ko a yi nisa da gari, kuma a tafi da filtar dizal ta safaya da sifanar canza ta, domin sauran dattin tanki a wannan lokacin yake tasowa. A sake ɗaure notocin taya bayan kilomita 50 zuwa 100, a riƙa leƙa ƙarƙashi kowace safiya, sannan a kilomita 500 zuwa 1,000 a juye baƙin mai da filtarsa, a rubuta kwanan wata da lambar kilomita a inda mai motar zai gani.